Na Goge Muryar Tsohon da Ya Ba Ni Amanar Labarinsa na Yaƙi

Assalamu alaikum warahmatullah. Admin barka da aiki, Allah ya saka da alheri. Don Allah a sakaya sunana, kada a fitar da komai da zai sa a gane ni. 'Yan'uwa masu karatu, ina roƙonku don girman Allah ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san zan sha zagi, kuma na cancanta, amma duk abin da za ku faɗa na riga na faɗa wa kaina wanda ya fi shi zafi. Shawara nake nema, don abin ya kai ni ga ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ni direban gida ne a Riyadh, shekarata ta tara ke nan a ƙasar nan. Gidan da nake aiki yana unguwar Badi'a. Kafilina, wato wanda iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, take ƙarƙashin sunansa, Balarabe ne ɗan ƙasa, matarsa kuma zan kira ta Ummu Faisal duk da ba haka ake kiranta ba. Mahaifinta ne dalilin wannan rubutu. Tsoho ne mutumin Japan, ya zo ƙasar nan tun da ƙuruciyarsa yana aikin injinan wutar lantarki, ya musulunta, ya auri wata 'yar ƙasar Sham, suka haifi 'ya ɗaya tal, ita ce uwar ɗakin nawa. Matarsa ta rasu da daɗewa, shi kuma bai koma ƙasarsu ba, yana zaune a gidan 'yarsa. Lokacin da na san shi ya haura tamanin, ɗan siriri, idonsa ya yi rauni, ƙodarsa ta gaza. Ina ce masa Ammi kamar yadda ake kiran dattijo a nan, shi kuma ya ce mini ya waladi, wato ɗana. Larabcinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, in kalma ta ɓace masa sai ya cike da Turanci.

Aikina shi ne sau uku a mako in kai shi wankin ƙoda a wani asibiti da ke wajen Shumaisi, in jira awa huɗu, in dawo da shi gida. Mun yi kusan shekara muna wannan zirga-zirga ba abin da ke haɗa mu sai sallama da godiya. Rannan wani da ya dawo daga gida ya kawo mini tsarabar mahaifiyata, har da soyayyar fara a cikin roba. Ina zaune a mota ina ci, sai ga shi an turo shi a keken marasa lafiya tun kafin lokaci, ban samu damar ɓoyewa ba. Ya tambaye ni mene ne nake taunawa yake ƙarar nan. Kunya ta kama ni, don na sha ganin yadda ake yatsina fuska in an ga muna cinta, amma na faɗa masa gaskiya. Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi guda. Ya laluba ta da yatsa, ya cire ƙafafun da fiffiken kamar wanda ya tashi a garinmu, ya jefa a baki. Muka kama hanya har muka wuce danja biyu. Sannan ya ce, "Na yi shekara guda ina cin wannan, ya waladi. Amma tamu ba mai, ba gishiri, ba yaji."

Daga ranar bakinsa ya buɗe. Duk fitar da za mu yi sai ya ba ni wani yanki na ƙuruciyarsa a lokacin yaƙin duniya na biyu. Ya ce garinsu a bakin teku yake, mahaifinsa mai gyaran agogo ne, ba ruwansa da bindiga, har ranar da aka kawo masa wata jar takarda ta kiran soja. Maƙwabta suka raka shi tashar jirgin ƙasa da 'yan tutoci suna murna, mahaifiyarsa ma tana murmushi saboda kuka a wurin abin kunya ne, sai da suka koma gida ta shiga madafa ta cusa tsumma a baki. Ya ce hukuma ta bi gida gida ta karɓe tukwanen ƙarfe da butoci don a narka a yi makamai. Shinkafa ta koma sai a mafarki, aka koma dankali da kabewa, da suka yi wuya aka koma ganyensu da jijiyoyinsu. Ya ce in jiniya ta yi kuka sai kowa ya ja hular auduga mai kauri ya rufe kai, a ruga cikin ramin da aka haƙa a bayan gida, a toshe kunne da ido da yatsu, a buɗe baki, haka aka koya musu a makaranta. Har ya tsufa, in motar asibiti ta wuce mu da jiniya sai in ga ta madubi kafaɗunsa sun ɗaga.

Yana shekara tara aka kwashe su, yaran makarantarsu gaba ɗaya, aka kai su wani ƙauye a cikin duwatsu don a raba su da bama-bamai. A ɗakin bautar ƙauyen suke kwana, su da yawa a jere. Ya ce ƙwarƙwata ta cinye su, manyan yara suna ƙwace rabon ƙanana, wasu suna lasar garin goge haƙori saboda ɗan zaƙin da ke cikinsa, malamansu kuma su tura su gonaki kamun fara. Duk wasiƙar da yaro zai rubuta gida sai malami ya karanta, kuma abu ɗaya ake yarda a rubuta: ina lafiya, ina cin abinci, kada ku damu. Ya ba ni labarin ranar da aka tara su a tsakar gida cikin zafin rana aka kunna rediyo, muryar sarkinsu tana fita da ƙyar cikin shuuu, ba wanda ya gane komai a cikin yaran sai da suka ga malaminsu ya durƙusa yana kuka. Aka ce yaƙi ya ƙare, an ci su. Shi kuwa abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne, to yanzu za a ba mu shinkafa ke nan?

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Da farko ina jin labaran nan ne kamar mai kallon fim. Ranar Juma'a in na je unguwar Batha wurin 'yan'uwa sai in kwashe in ba su, har ina kwaikwayon muryarsa, ana dariya ana cewa ashe masu ƙera mota ma sun ci fara. Sannu a hankali dariyar ta fita daga raina. Na fara ƙosawa ranar asibiti ta zo. Na fara bin hanya mai cunkoso da gangan don kada labari ya yanke. Mutumin da ya girmi mahaifina yana ba ni abin da ya ce bai taɓa ba matarsa ba, bai taɓa ba 'yarsa ba. Na tambaye shi me ya sa ni. Ya ce saboda ina kallon titi, ba na kallon fuskarsa.

Wata safiya muna hanya ya ce in wayata tana ɗaukar murya yana so in riƙa ɗauka. Tasa wayar 'yarsa ce take duba masa komai a cikinta, shi kuma ba ya so ta ji tun yana raye. Na ce to. Ya ce, "Amana ce. In na mutu ka ba ta. Ba kafin nan ba, kuma ba wani ba, ita." Na ce in sha Allahu, Ammi. Ya ce in faɗa da kyau, na ce na ɗauki amana, Allah ne shaida. Da bakina na faɗa. Daga nan kullum in na tayar da mota sai in danna in ajiye wayar a kusa da shi. Ya sake labaran tun daga farko a tsare, da sunayen mutane, da sunan garinsu, da sunan ƙauyen. Wani lokaci sai ya zarce da yarensu na tsawon lokaci, ya ce wannan ba nata ba ne, na dangi ne, ita za ta kai musu. Muka tara guda ashirin da uku a cikin wata bakwai.

Na ƙarshen shi ne wanda yake hana ni sukuni. Ranar bayan an gama wankin ya ce kada in tayar da mota, mu tsaya a inuwa. Ya ce a ƙauyen nan yunwa da dukan manyan yara sun ishe shi, sai ya rubuta wasiƙa a ɓoye, ya ba wani manomi da zai shiga gari ya jefa masa a gidan waya ba tare da malami ya gani ba. A ciki ya yi ƙarya. Ya ce yana kwance ba lafiya, in ba ta zo ba zai mutu. Lafiyarsa ƙalau, kawai yana so ya ga uwarsa, kuma ya san ba za ta zo hannu biyu ba. Ta samu wasiƙar, ba ta faɗa wa kowa ba, ta musanya rigarta ta aure da 'yar shinkafa, ta hau jirgin ƙasa. A hanya jiragen yaƙi suka sauko suka buɗe wa jirgin wuta. Tana cikin waɗanda suka mutu. Yayarsa mace, wadda take aiki a masana'anta a lokacin, ita ta je ta gano gawar. Har yayar ta mutu tana tambayar me ya fitar da mahaifiyarsu daga gida a ranar, a lokacin da kowa ya san hatsarin hanya. Mahaifinsu ya dawo daga yaƙi shi ma ya yi ta wannan tambaya. Shi kuwa yana zaune a tsakaninsu yana cin abincin da yayar ta dafa, ya yi shiru. Ita ta raine shi, ita ta hana kanta karatu ya yi. Ya ce da ya samu aiki a ƙasar waje kowa ya ɗauka neman arziki ne, alhali gudu ya yi daga fuskarta. Ya ce yayar ta bar 'ya'ya biyu, ya faɗi sunayensu da garin da suke, ya faɗi inda aka ajiye tokar mahaifiyarsu, don su ƙona gawa suke yi, ya ce yana so 'yarsa ta je ta same su ta kunna musu muryarsa yana neman gafara, su san amsar tambayar da uwarsu ta mutu da ita. Da ya gama ya ce, "Khalas, shi ke nan. Kashe." Na kashe. Ban iya tuƙi ba sai da na ɗan jima.

Wata biyu bayan haka ƙanwata ta kira ni daga gida ta ce jikin Inna mahaifiyarmu ya yi tsanani, an kwantar da ita, kuma sunana take ta kira. Na je wurin kafilina na roƙi ya yi mini takardar fita da dawowa, ko sati biyu ne. Ya ce shi ba shi da matsala, in yi magana da matarsa tunda aikin mahaifinta nake yi. Na same ta a ƙofar falo na faɗa mata. Ta ce ta tausaya, amma mahaifinta ba ya yarda da kowa sai ni, in aka canja masa direba zai ƙi zuwa wankin, kuma fashin kwana ɗaya zai iya kashe shi. Ta ce in ba ta sati biyu ta nemo wani ya saba da shi, daga nan da kanta za ta saya mini tikiti. Na ce Madam, an ce mini ba za ta kai ba. Ta ce, "Rai a hannun Allah yake. Sati biyu kawai." Dole na haƙura. Ba zan iya fita ƙasar ba sai da amincewarsu. Kwana tara da wannan magana, ina zaune a harabar asibiti ina jiran mahaifinta, aka kira ni aka ce Inna ta cika. Ƙanwata ta ce da safen ranar ta farfaɗo ta ce a kira mata ni tana da magana, aka yi ta kira bai shiga ba saboda ina ƙasan ginin asibiti inda ake ajiye motoci. Har yau ban san me take so ta faɗa mini ba.

Ammi bai san na nemi tafiya an hana ni ba. Ni ban faɗa masa ba, 'yarsa ma ba ta faɗa ba. Sai daga baya ya ji a bakin mai aikin gidan. Ranar da muka fita ya ce shi a gaba zai zauna, abin da bai taɓa yi ba. Ya lalubo hannuna a kan giya ya riƙe, ya ce, "Ni na tsare ka. Da na sani da na ce ka tafi, ko da zan mutu. Ka yafe mini." Na ce ba laifinsa, kuma har zuciyata ban riƙe shi ba. Amma ita na riƙe ta. Ina gaishe ta, ina buɗe mata ƙofa, ina kai ta kasuwa, cikina kuwa kamar garwashi. In na ga ta sunkuya tana sumbatar goshin mahaifinta sai in kawar da kai. Ita tana da nata a gabanta kullum, ni nawa an binne ta ina wata ƙasa ina gadin mota.

Bai ƙara wata uku ba shi ma ya rasu. Aka yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Al-Oud. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, na zuba masa ƙasa da hannuna. Da na fito na shiga mota ina jiran kafilina ya gama karɓar gaisuwa, na ciro wayata da niyyar in duba muryoyin nan da na ɗauka in shirya yadda zan miƙa su. Wallahi da wannan niyya na ciro ta. Sai idona ya faɗa kan kiran ƙanwata na ranar nan da bai shiga ba, saƙon da kamfanin waya ya turo, wanda na kasa gogewa. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Wani abu ya ce mini, ita za ta zauna a ɗakinta mai sanyi ta ji muryar ubanta sau ashirin da uku, ta maimaita duk lokacin da ta ga dama, kai kuwa ko kalma ɗaya ta uwarka ba ta bari ka ji ba? Na zaɓe su duka na danna gogewa. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ban tsaya nan ba, na bi su har inda waya take ajiye abin da aka goge na sake gogewa. Ba kuskure ba ne, ba zamewar yatsa ba ce, kada wani ya nema mini uzuri. Ƙasar kabarinsa tana cikin farcena na aikata. Kuma abin da ya fi ba ni kunya, na ji daɗi. Na kusan minti biyar ina jin sanyi a raina kamar na rama. Kafin mu kai gida sanyin ya zama wani abu dabam, kuma bai bar ni ba har yau.

Bayan kwana arba'in suka ba ni hutu na wata biyu. Na je gida, na tsaya a kan kabarin Inna, na kasa yi mata addu'a yadda ya kamata, don duk na ɗaga hannu sai in ji muryar tsohon nan yana cewa amana ce. Na yi tunanin kada in dawo, amma ina da mata da yara huɗu da ƙanne a wuyana. Na dawo. Sati ɗaya da dawowata, na kai Ummu Faisal wani wuri, da muka iso ƙofar gida ba ta fita ba. Ta ce tun da mahaifinta ya rasu ta gane abin da ta yi mini, ta ce ita tana riƙe da hannunsa ya cika kuma duk da haka ji take kamar bai ishe ta ba, to ina ga wanda aka hana shi ko ganin fuska. Tana kuka ta ce in yafe mata don Allah, ta ce tsoron rasa shi ne ya rufe mata ido. Na ce na yafe. Sai ta ce tana da tambaya. Ta ce mahaifinta bai taɓa ba ta labarin ƙuruciyarsa ba, in ta tambaya sai ya canja magana, amma ta lura in mun dawo daga asibiti idonsa yakan yi ja. Ta ce, "Ya taɓa faɗa maka wani abu? Ko kaɗan ne, ko sunan wani, ko gari?" Na kalli sitiyari na ce, "A'a Madam. Hirar cunkoso kawai muke yi da zafin gari." Ta ce ba komai, ta gode da yadda na kula da shi. Ta fita.

Kun ga laifi ya zama biyu. Na ci amana, na kuma rufe da ƙarya, a daidai lokacin da matar take neman gafarata da hawaye. Wace irin zuciya ce wannan? Ni da nake salla biyar a jam'i, ni da nake ganin an zalunce ni? Kuma wa na hukunta? Na ɗauka ita na rama wa, amma wanda na yi wa asara shi ne tsohon da ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa. Shekara saba'in da wani abu yana ɗauke da maganar nan, ya tattara ƙarfin halinsa a ƙarshen rayuwa ya sauke ta, ya mutu da natsuwar cewa za ta isa inda ya aika ta. Ni na tare ta a hanya.

Na yi ƙoƙarin gyarawa a ɓoye. Na kai wayar wurin masu gyara uku a Batha, kowa ya duba ya ce an daɗe, an yi ta ɗora wasu abubuwa a kai, ba za su dawo ba. Na sayi littafi na zauna ina rubuta duk abin da na tuna da Hausa, na cika shafi talatin da wani abu. Labaran suna nan a kaina, jar takarda, tukwane, ramin ɓuya, fara, wasiƙa, jirgin ƙasa. Amma sunayen sun tafi. Sunayen Japan ba sa zama a kunnen Bahaushe, kuma ban taɓa ƙoƙarin haddacewa ba tunda na san waya ta riƙe. Sunan ƙauyen na tuna yana ƙarewa da wani sauti kamar "mura", wani ya ce mini ma'anarsa ƙauye ne kawai. Sunayen 'ya'yan yayarsa ko harafin farko ban riƙe ba. Maganar da ya yi da yarensu, wadda ita ce neman gafarar, ko kalma ɗaya ban sani ba. Wannan ta tafi har abada, kuma ni na kashe ta.

Yanzu abin da ya sa na rubuto. Ummu Faisal ta yanke shawarar za ta je Japan bayan Babbar Salla ita da ɗanta, ta nemo dangin mahaifinta. A cikin kayansa ta samu tsohon hoto na wata mata da yara biyu, da takardunsa masu nuna garin da aka haife shi. Ta ce za ta bi ta ofisoshin can, mai yiwuwa a dace. Ni nake kai ta duk inda take zuwa neman takardu, tana zaune a baya tana ta faɗa mini burinta, tana cewa ko matar hoton kakarta ce, ko me ya kashe ta, ko me ya sa mahaifinta bai taɓa komawa ba, ko wani abu suka yi masa. Ta fara zargin cewa danginsa ne suka kore shi saboda ya musulunta. Ni kuwa na san ba haka ba ne. Na san amsar kowace tambaya da take yi, ina tuƙi ina cewa Allahu a'alam.

Na faɗa wa aboki ɗaya, wanda muka zo ƙasar nan tare. Ya ce in rufe bakina in yi ta istigfari, in yi wa tsohon sadaka, don in kafilina ya ji zai iya soke iƙamata ya sa a fitar da ni, yarana su shiga wani hali a kan maganar da ba za ta dawo da komai ba. Ya ce in ma na matsu, in ba ta labarin in ce yanzu na tuna, kada in ambaci ɗaukar murya, ko in ce wayar ce ta lalace. Na yi ta juya wannan. Zai isar da rabin amanar, ya tsare mini aikina. Amma ƙarya ce ta uku a kan biyu, kuma in ta je ta samu dangin, da wane baki za ta ce musu direbanmu ya ce mahaifina ya ce shi ya jawo mutuwar kakarku? Wa zai yarda? In kuma na faɗi gaskiya duka, zan kalli matar da ta nemi gafarata in ce mata ubanki ya bar miki muryarsa ta wata bakwai, na goge ranar da aka binne shi don in ƙona miki rai. Ban san ko akwai ɗan Adam da zai iya yafe wannan ba. Ni kaina da aka ce mini wani ya ɗauki maganar Inna ta ƙarshe ya goge, ban san abin da zan yi masa ba.

Saura sati biyar ta tafi. Malamai da ke wannan fili, mene ne hukuncin wanda ya ci amanar mamaci kuma ba ya da ikon mayar da ita yadda take? Tuba tsakanina da Allah ta wadatar, ko sai mai haƙƙi ta sani? Iyaye mata, in ke ce ita, za ki fi son ki ji gaskiya mai ɗaci ko a bar ki da abin da ba ki sani ba? 'Yan'uwana da ke aiki a ƙasar nan, kun san abin da iƙama take nufi ga mai iyali, kada ku ba ni shawarar da ku ba za ku iya bi ba. In miƙa mata littafin in yi shiru a kan sauran? In faɗa mata komai in jira abin da zai biyo baya? Ko in bar ta ta hau jirgi tana zargin mutanen da ba su yi wa mahaifinta komai ba sai alheri?

Don Allah ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi zafi. Me zan yi?